Kwalba Ta Ɗari da Sha Bakwai

Ran Talata aka aiko min da fayil ɗinta,
ɗakin karatu na bayan asibiti, inda fanka ke ɗingishi.
Suka ce: ƙirga mana,
sau nawa masana suka ambaci Dakta Lantana Jatau,
da wa da wa ta haɗa hannu, daga wace ƙasa.
Alhamis kwamiti zai zauna kan ƙarin girma.

Na jefa sunanta a na'ura kamar mai jefa ƙugiya,
ta jawo min tamanin da shida.
Sha ɗaya ita ce ta ambaci kanta,
na tsame su, haka doka ta ce.
Huɗu na wani Bature ne da ya shekara uku yana ƙaryata ta,
waɗannan na bar mata.
Na'ura ba ta rarrabe zagi da yabo,
duk wanda ya kira sunanka ya ƙara maka tsawo.

Sai taswirar abokan aiki, zare bisa zare:
ɗaya ya tsallake teku, ɗaya ya sauka Bamako,
biyu suka tsaya nan Shika, ba su yi nisa ba.
Zaren da ya fi tsawo shi ya fi maki.
Wanda ke ƙarshensa bai taɓa kurɓar ruwan Kaduna ba,
injin gwaji ya ba da aro, sunansa ya hau gaba.

Na nemi Bitrus a taswirar, babu shi,
shi da ya ƙarar da idonsa kan madubin gwaji
yana ƙirga ƙwan tsutsa har a ɗauke wuta.
Na nemi Ɗanliti mai babur,
mai ɗaure kula a baya ya ratso lungunan Kabala
kafin ƙanƙara ta narke.
Na nemi Inna Tasalla da ta bi gida-gida tana faɗa wa iyaye:
ba sammu ba ne, ba balaga ba ce,
jinin nan ciwo ne, kuma yana jin magani.
Can ƙasan shafin ƙarshe na same su,
layi ɗaya, ƙananan baƙaƙe: muna gode wa ma'aikata.
Godiya ba ta da gurbi a fom.

Takardar da aka fi ambata ta tsargiya ce,
yara ɗari uku da goma daga bakin kogi,
shekara goma sha tara da suka wuce.
Na daɗe a kan jadawali na biyu.
Akwai wani layi: namiji, shekara tara, mai tsanani.
Babu suna. Ɗari da sha bakwai.

Na tuna kwalbar, murfinta shuɗi.
Na tuna kunyar da na ji ina miƙa ta,
abin ciki ja kamar zoɓo,
ita kuwa ta karɓa hannu biyu, sai ka ce tsaraba.
Ƙwayar da ɗaci. Na amayar da ita bayan aji.
Ta aika aka sayo min ƙosai, ta zauna ta jira, ta sake ba ni.
Ban ƙara wanka a gindin gada ba.
To, na koma sau biyu.
Amma jinin bai dawo ba.

Yanzu ga biro a hannuna.
Fom ya ce jimillar ambato, na sa saba'in da biyar.
Ya ce abokan ƙetare, na sa biyu.
Ya ce ƙarin bayani in akwai,
gurbin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ban raina mudu ba,
da shi ake kashe gardama a kasuwa,
kuma shi ke ciyar da ni.
Sai dai mudu hatsi ya sani,
bai san wanda ya ƙoshi ba.

Alhamis da hantsi ta biyo ta ƙofata,
jaka a kafaɗa, furfura na leƙe daga ɗankwali.
Ta ce: Malam, nawa na samu?
Na ce: saba'in da biyar, ranki ya daɗe.
Ta yi ɗan shiru. Ta ce: sun yi kaɗan, ko?
Na buɗe baki ke nan,
aka kira ta ciki.