In Ba a Ga Gawa Ba

Daren Laraba a Valparaíso,
ruwa na dukan kwanon rufin Eulalia.
Jiragen gaske na kuka can ƙasa a tasha,
namu kuwa murfin kwalin takalmi ne,
tutarsa tsinken sakace da ɓawon lemo.

Ni ne mai riƙe da labari.
Na baje taswira, tabon shayi ya zama tsibiri,
na ce, "Kun iso." Kafin in rufe baki
Baltasar ya ce, "Bari in canka:
akwai azzalumi mai dariyar ban haushi,
akwai yaro na kuka a bakin gaɓa."
Haka ne. Tsibiri na goma sha tara,
azzalumi na goma sha tara.
Katun ɗin 'yan fashin tekun da muke wa shaguɓe
shi ya rene mu tun muna famfarar haƙori,
muna zolayarsa ne irin ta jika da kaka.

Kyaftin ɗinmu na Maite ne.
Bai iya karatun taswira ba, ba ya ƙoshi,
ya taɓa sayar da anga don tukunyar wake.
Duk wanda ya naushe shi yau
gobe shi ne kukun jirgi.
Yanzu kukunmu bakwai, matuƙi babu.

A nan ba a sara sai an yi shela.
Dole ka miƙe, ka ƙwala sunan bugunka,
"Marin Busasshen Kifi!"
sannan ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin.
Ya faɗo a ɗaya.
Maƙwabciya ta buga bango da tsintsiya.

Takobi na sama, saura ƙiris ya sauka,
sai mugu ya tuna ƙuruciyarsa.
A ajiye faɗa, a koma shekara ashirin baya:
uwa mai tari, alkawari a bakin teku,
wani tsoho ya damƙa masa cokali ya ce,
"Ka dawo min da shi ranar da ka zama wani."
Eulalia na ƙirga a bayan rasit:
uwa talatin da ɗaya muka binne,
duk da tari iri ɗaya.

Amma dokar da ta girme su duka ita ce:
in ba a ga gawa ba, ba a mutu ba.
Dutse ya danne ka, igwa ta tashi da kai,
bayan zama uku ka dawo da tabo a kunci
da sabuwar riga,
ka ce labarin da tsawo.

Yau Baltasar bai yi wannan dariyar ba.
Motar asuba zai bi zuwa Calama,
mahaƙar tagulla ta kira, kuɗin haya ba ya jiran sa'a.
Ya turo min takardar gwarzonsa,
shekara shida, ta yi laushi don goge-goge.
Ya ce, "Kashe shi da kyau, Anselmo.
Ba na son rabin aiki."

Na duba abin da na tanada:
guguwa, gada mai karyewa, jawabin sa hawaye.
Na jefa ɗan lido a bayan kwali, inda ba mai gani.
Abin da ya nuna mutuwa ce tsaf.
Na ce, "Igiyar ruwa ta haɗiye shi.
Kun nema har gari ya waye,
takalminsa ɗaya kuka tsinta."

Shiru.
Maite ta ce, "Gawar fa?"
Na ce, "Babu."
Eulalia ta kife rasit, ba ta rubuta komai ba.

Sai biki, don kowane tsibiri da biki yake ƙarewa:
burodin da ya huce, ragowar kifin gwangwani,
kofi huɗu, ɗaya ba mariƙi.
Baltasar ya sa ɗan lidonsa a aljihu,
ya sake fito da shi,
ya ajiye kusa da gwangwanin sukari,
ya sauka matakala ɗari da sittin cikin ruwa
bai ce sai wata rana ba.

Mun san wannan salon.
Sau nawa muka yi masa dariya?
Laraba mai zuwa dai
kujera huɗu zan jera.