Wanne Ya Fi Nauyi?

Hawa na uku, birnin Sheffield,
ruwa na tsiyaya a gilashin taga tun asuba.
Katuna goma sha biyu a gabana,
kowanne da baƙin cikinsa a rubuce.
Ba na cewa a ba wa azaba maki,
mutum bai san mudun zuciyarsa ba.
Biyu nake ajiyewa, in ce: wanne ya fi nauyi?

Sau sittin da shida kowa zai zaɓa,
mutum ɗari uku. Sai na'ura ta ƙirga
sau nawa bashi ya kayar da kaɗaici,
sau nawa rashin barci ya sha ƙasa,
ta jera su a igiya guda kamar shanya.
Tazarar da ke tsakani ita ce amsa.
Igiyar ba ta da sifili,
inda ka kafa turke nan ne mafari.

Ran Laraba Alwyn Thackray ya zo,
shekara talatin da ɗaya a masana'antar ƙarfe,
yatsunsa sun daina lanƙwasuwa.
Ya ce rufe masana'anta ya fi ciwon gwiwa.
Ciwon gwiwa ya fi shirun ɗansa.
Na sauya kati. Ya daɗe yana kallo,
ya ce shirun ɗansa ya fi rufe masana'anta.

Dokta Pennock ta kewaye amsarsa da jan biro.
Da'ira ce, in ji ta, lissafi zai shanye ta,
mutum ɗaya cikin ɗari uku gishiri ne a rijiya.
Gaskiyarta. Na duba, jadawali bai ko motsa ba.

Sai Inna Dije ta faɗo mini, kasuwar Bakori,
curin daddawa a tafin dama, wani a hagu,
ta lumshe ido, hannu ɗaya ya sauka, ta yanke kuɗi.
Ban taɓa ganin ta riƙe uku lokaci guda ba.

Da dare a tashar bas na gwada kaina.
Sanyin nan ko kewar gida? Kewa.
Kewa ko komawa hannu rabbana? Komawa.
Komawa ko sanyin nan?
Iska ta shigo ta wuyan kwat,
ni ma na zaga na dawo inda na tashi.

Da safe na shigar da amsoshin Alwyn
yadda ya faɗe su, ban gyara ko ɗaya ba.
Na ɗora ruwan shayi, na cuɗa katuna,
na leƙa zaure, na kira lamba ɗari biyu da tara.