Kwashe Kaya

A Fam Santa nake, layin masu gyaran waya,
teburina bai kai faɗin dardumar salla ba.
Kullum sai an kawo mini gawa:
wadda ta faɗa kwata, wadda Adaidaita ta murƙushe,
wadda yaro ya tsoma a tukunyar miya.
Su ce, "Sagiru, gangar jikin ta tafi,
a ceto mana na ciki."
Sai in farke bayanta da ɗan tsinke,
in kwashe lambobi, hotunan suna,
muryar wani da ya rasu bara,
in juye su cikin sabuwa fil a leda.
Mai ita ya biya ya tafi.
Ko waiwayar tsohuwar ba ya yi.

Da magariba in koma Soron Ɗinki,
inda Baffa Lawandi ke kwance.
Shekara arba'in da ɗoriya yana zuba aiki a wuyan riga,
sai wata Laraba hawan jini ya sare shi,
ɓarin dama ya shanye.
Amma kai garau:
ya san wanda ya ci bashinsa tun kafin a haife ni,
ya san kuɗin zare a shekarar da aka canja kuɗi.

Ina shafa masa man zafi na ce,
"Baffa, da mutum waya ne,
da tuni na kwashe ka kaf
na zuba ka a jikin ɗan shekara ashirin."

Rabin bakinsa ya yi dariya,
rabin ya ƙi.

Ya ce, "Jikin wa?
Shi mai jikin fa, haya yake ciki
da za ka ba shi notis?"

Na yi shiru. Ya nemi ruwa, na ba shi.

Ya ce, "Tambaye ni yadda ake fitar da aska takwas,
in yi ta inda-inda har lisha.
Ba a kaina take ba.
Tana nan, ƙarƙashin kantar ɗan yatsan nan.
Ni kallo kawai nake yi, shi ke tafiya.
Gwiwar nan ta hagu,
tun da keke ya kayar da ni a gangaren Goron Dutse,
ita ke gaya mini hadari kafin gabas ta yi baƙi.
Wace sabuwar gwiwa ce ta san wannan?

Uwarku Tasalla da gyaran murya take gane ni
tun daga bakin lungu.
Ka ba ni maƙogwaron wani in yi sallama,
ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan.
Kuma gaskiyarta.

Ranar da za a toshe bakuna
a ce hannaye su yi magana,
wane hannu za a kira mini?
Wanda ya ɗinka, ya rage wa mutane zare wani lokacin,
ko na aro, da bai taɓa riƙe allura ba?"

Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Ni ma. Ci gaba da shafawa."

Barci ya ɗauke shi, wuta ta ɗauke.
A hasken tocilar wayata
na ga babban yatsa da manuni na hannun da ya mutu
sun matso kusa da juna, kaɗan,
kamar mai jan zare.
Wataƙila idona ne.

Da safe wani ya kawo tasa, fuska a tsage,
madannin gefe ya lotsa daidai inda yatsansa ke zama.
Na kwashe, na juye, ya biya.
Har ya kai wajen mai rake na ƙwala masa kira:
"Malam, ka bar tsohuwar!"
Ya ɗaga hannu, wai in jefar.

Tana cikin aljihun teburina.
Sun kai talatin yanzu.