Kofi Takwas

Shekara ashirin da biyu Thora na raba wasiƙu a tsibirin Westray,
jan keke, jaka a kafaɗa, iskar teku na marin kumatu,
ko katin gaisuwa ba ta taɓa ɓatarwa ba.
Yau a cikin jikinta saƙo ke salwanta:
kai ya aika, ƙafa ba ta ji ba,
mafitsara ta cika, babu mai kai labari,
sai jiran amsar da ba ta zuwa.

Likitan Kirkwall ya zana mana a bayan ambulan:
jijiya wayar lantarki ce, cutar na ɓare mata riga,
sannu-sannu, irin cin da gara ke wa azara.
Abin da ya kwana a mafitsara, in ji shi, shi ke haifar da ƙwayoyi.
Na ce ni masunci ne, likita,
na san sharrin kwantaccen ruwa.

Ciwon ba ya yi mata sallama yadda yake wa kowa.
Ba zafi, ba raɗaɗi, wannan ƙofar ta daɗe a garƙame.
Ni ke karanta sawunsa.
Ran Litinin cokali ya suɓuce mata sau biyu,
ƙafar hagu ta sandare kamar itacen tuƙi,
da dare ta kira ni Sinclair,
sunan wanta da teku ya haɗiye tun muna samari.
Na ɗaga kwalba a fitilar kicin:
dusu-dusu, kamar ruwan dafa dankali,
ga zarnin nan da hancina ya haddace.
Gabana ya faɗi, amma na san wannan faɗuwa.

Na liƙa sunanta, na rubuta kwanan wata,
kwalba ta bi jirgin safe tare da buhunan ƙaguwa.
Mai raba wasiƙu ta koma mai aikawa.

Kwana uku nas Kirsteen ta bugo waya:
ƙwayoyin sun gane maganin bara, sun daina tsoronsa.
A sauya. A sha har ƙwayar ƙarshe,
ko da ta tashi tana rawa.

Sau huɗu a yini nake wanke hannu har guiwa,
sabulu ya tsattsaga min yatsu fiye da igiyar koma.
Siririn bututu, sabo fil daga leda.
Ranar farko ta juya fuska ga bango,
ni ma na kalli silin, hannuna na karkarwa.
Yanzu kuwa tana tambayata farashin gas,
ina amsawa, kwano na cika,
kunya ta gaji da mu ta yi tafiyarta,
ta bar mana sabo da ɗan abin da ya fi sabo daɗewa.

Rigimarmu kofi takwas ce.
Tun ranar da siket ya jiƙe a bencin coci
take wa ruwa kallon maƙiyi.
Na tsinto bawon katantanwa takwas a bakin gaɓa,
in ta sha kofi ɗaya, ɗaya ya ƙaura zuwa faranti.
Na taɓa kama ta tana tura biyu da ɗan yatsa.
Na yi kamar ina kallon tagar, ina tari,
na mayar da ɗaya, na bar mata ɗaya ladan ƙoƙartawa.

Babbar cutar hanyarta ɗaya, ba ta waiwaye,
mun daina yi mata gardama.
Wannan ƙaramin ɓarawon ne muke wa kwanto,
mu kama shi yau, ya sake hauro katanga da bazara.

Ran Asabar ta ɗanɗana miya, ta yamutsa fuska:
Erlend, gishirin nan na mutum nawa ne?
Erlend. Sunana, daram, ba na mamaci ba.
Na fita bayan gida na daɗe ina gyara ragar da ba ta yage ba.

Bakwai a faranti, saura ɗaya.
Ta ce ajiye kofin a taga,
zan sha in jirgin yamma ya zo wucewa.