Ragowar Naira Biyar

Albasarmu ta bar Aliero a bayan tirela,
kuɗinta suka dawo ta waya bayan la'asar.
Ni ne ma'aji. Na duba, na goge tabarau, na sake:
dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Tagwaye, ɗaya riƙe da gefen rigar ɗaya.

Shekara talatin alli yana cin yatsuna,
ban haɗu da lamba mai kyan hali kamarta ba.
Cika ce, ba mara ba, sifilin wutsiyarta shaida.
Bakwai da biyu, bakwai da biyu, sha takwas ke nan,
tara ta samu ƙofa, uku ta bi sawu.

Na zauna bakin rudu, na ɓare ta ɓawo ɓawo
yadda muka saba, har ido ya kawo ruwa.
Biyu har guda huɗu na tarar a kwance,
uku guda biyu, sai biyar, sai bakwai,
can a cibiya sha ɗaya da sha uku,
masu taurin kan nan da ba su rabuwa
sai da ɗaya, sai da kansu.
Su ne iri. Saura duk yabanya ce.

Masu raba ta lafiya ɗari biyu da arba'in ne.
Tara su wuri guda ban da ita,
sun ninka ta uku da ɗoriya.
Mai yalwa ke nan, gidan da baƙi suka fi masu gida.

Zo ku biyu, ta sallame ku.
Zo ku bakwai, ba ta ɗaga murya.
Ku sha ɗaya, ku sha uku, ko a jikinta.
Mu kuwa sha shida ne a littafin ƙungiya:
dubu arba'in da biyar da arba'in da biyar kowa,
tagwaye sun sake haifar tagwaye.
Arzika ya yi kabbara. Magawata ya fara lissafin taki.

Sai tari daga bayan buhuna.
Tunau ne, da tocilarsa mai ɗaurin roba.
Wata huɗu yana kwana da sauro a bakin rudu,
shi ke juya albasa, shi ke tsince ruɓaɓɓiya
kafin ta shafa wa 'yan'uwanta.
Sunansa ba ya littafi. Bai ce komai ba,
sallama kawai ya yi, ya tsuguna nesa da tabarma.

Na san abin da sha bakwai za ta yi mata.
Ita ce ta farko da lambar nan ba ta sani ba.
Na so in yi shiru, wallahi,
don kada kyakkyawan abu ya tsage.
Arzika ya ce, malam, sake bugawa.

Dubu arba'in da biyu da ɗari uku da casa'in da biyar,
saura naira biyar.
Ba ta sayen goro, ba ta sayen ashana,
ba wanda ma ke da canjinta a aljihu.

Na rubuta ta ita kaɗai a ƙasan shafi,
ƙarƙashin sunan Tunau da tawadarsa ba ta bushe ba.
Har yau tana nan. Ba mu san ta wa ce ba.