Jijiya ta Goma Sha Biyu

Shekara talatin Kawu Nomau yana fito a Binuwai,
daga gaɓar Garwa zuwa tsallake,
da buhunan gyaɗa, da awaki, da masu tsoron ruwa.
In ya daka tsawa, "Ku matsa ciki!"
har dorina takan ɗago kai.
Yau ga shi a bencin asibiti,
ɗinki bakwai ƙarƙashin muƙamuƙi, inda aka ciro ƙarin.
Yana son ya ce ruwa,
kalmar tana fitowa kamar an dama ta da koko.

An ce baki ke yanka wuya.
A gidanmu wuya aka yanka, baki ya biya.

"Fito da harshe," in ji Dakta Njidda.
Ya fito, ya karkata hagu
kamar akuyar da ta hango dusa.
"Miƙe shi." Ya ƙi.

Sai ta juya takardar magani, ta yi zane a bayanta.
Jijiyoyi goma sha biyu, ta ce, ke fitowa daga ƙwaƙwalwa,
kowace da 'yar'uwarta, dama da hagu,
biyar cikinsu sun yi tarayya a kan wannan 'yar tsoka.
Ta biyar ke kai ƙara in ka cije shi
ko shayi ya ƙone ka.
Ta bakwai, sai da ta ratsa ta cikin kunne
don kawai ta gaya maka miya ta ji gishiri.
Ta tara tana gadin baya,
ita ke cafke ɗacin maganin zazzaɓi
bayan ka zaci ya wuce.
Ta goma tana can bakin maƙogwaro tana raka loma.
Ta goma sha biyu kuwa ba ta san zaƙi ba, ba ta san zafi ba,
lebura ce.
Ta wata 'yar kafa take fita a gindin ƙoƙon kai,
ta gangara wuya, ta yi kwana ƙarƙashin haɓa,
ta tura, ta ja, ta naɗe, ta shimfiɗa.
Taka ta hagu ce wuƙa ta shafa.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar.
Ya karɓi biron, ya zana kwalekwale,
ya sa masa filafili ɗaya, a dama,
ya ja kibiya ta lanƙwashe hagu.
Likita ta yi dariya har ta cire tabarau:
"To me kuma zan koya maka?"

A gida, tuwo yakan maƙale masa a kuncin hagu,
ya sa yatsa ya turo, ya harari duk wanda ya gani.
Amma ranar da Inna ta rage sukari
ya ture kofin tun kurɓar farko.
Ta bakwai tana nan daram.

Ni ke tuƙi yanzu.
Yana zaune a baya da guntun madubin babur,
kowace asuba: la, la, ta, ra.
Fasinjoji sun daina juyowa.
Jiya, a tsakiyar kogi, igiyar ruwa ta ja mu,
na ji an ce "Ruwa!" a bayana,
gurguwa, tana ɗingishi, amma da ƙafarta ta iso.
Ban waiwaya ba.
Na sauya filafili zuwa hagu.