Fuskar Baba a Dantsena

Hoto ɗaya ya rage, cikin gwangwanin biskit:
Baba tsaye a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
rana ta sa ya kanne ido ɗaya,
hularsa ta karkace kamar mai sauraron teku.
A bayan hoton an rubuta: Nibaldo, watan Maris.
Babu shekara.

Takarda ta fara cin amanata,
kunnensa na hagu ya koɗe ya bi farin sama.
Na ce to, fata zan ba ajiyarsa.
Wata bakwai ina tara kuɗi a kwalbar zaitun
daga abin da gidan burodi ke biya na.

Na farko yaro ne mai fara'a a tudun Alegre.
Ya yi ta tura min fuskoki a wayarsa,
duk sumul, kowa kamar ƙanin kowa.
Ya ce, "Wannan tabon na gira, kyauta zan share miki."
Tabon da ƙugiyar ɗaukar kaya ta bar masa
ranar da aka haife ni, yana gaggawar zuwa asibiti.
Na karɓi hotona, na sauko.

Na biyu ya ce yau ma sai a gama, rabin kuɗi.
Na dubi bangonsa:
wata tsohuwa da idon kifi,
jariri da haɓar dattijo.
Araha ba ta ado.

Rayén kuwa sai da na ƙirga matakala casa'in da huɗu
a bayan kasuwar kifi, ina haki.
Ba ta nuna min waya ba.
Ta leƙa taga ta ƙwala wa mai gyaran takalma kira,
Don Evaristo ya hau, ya naɗe hannun riga:
matarsa, jarfar shekara tara,
har yanzu da sauran magana a bakinta.
"Sabon zane kowa ya iya," in ji Rayén,
"wanda ya warke shi ne shaida."

Na miƙa mata wuyan hannu. Ta girgiza kai.
"Fuska tana son fili.
In na matse shi nan, shekara biyar
idonsa zai narke cikin hancinsa."
Ta kama dantsena, ta juya shi wajen haske
kamar mai sayen yadi.
Baƙi da toka-toka kawai, zama biyu,
kuma babu gurbi sai bayan sanyi ya wuce.

Sannan ta ajiye fensir. "Yaya yake dariya?"
Na ce da kafaɗa yake yi, ba da baki ba.
Ta rubuta wannan a gefen takarda.

A bakin ƙofa ta ce, "Ki sani fa,
fata ba bango ba ce. Za ta saki, za ta yamutse,
shi ma zai yamutse tare da ke."

Hamsin da biyu Baba ya yi a duniya.
Na sauko matakala ina shafa wurin da babu kowa tukuna,
ina lissafin shekarun da zan ciyar da shi gaba
har in ga yadda tsufa zai yi masa.